Ruwan Lagdo ne ke cin gonakinmu a bakin Tafkin Chadi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin wake da masara ne a Doron Baga. Damina ta ɗauke tuntuni, amma kullum ruwan tafki sai ƙara hawowa yake, har ya fara cin gonakinmu. An ce Kamaru ce ta buɗe madatsar Lagdo. Hankalinmu a tashe yake. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri, Malam. Amma don Allah a ƙyale Lagdo ta huta. A kan kogin Binuwai take. Ruwanta Garwa yake bi, ya wuce Yola da Makurɗi, ya haɗu da kogin Neja a Lakwaja, ya nufi teku. Ko cokali ɗaya ba ya zuwa tafkinku. Ko da madatsar Alau ta ɓalle kusa da Maiduguri a Satumbar 2024, na ji masu rantsuwa cewa Lagdo ce, alhali Alau a kan kogin Ngadda take, cikin Borno. Abin da ke ba ni haushi da wannan jita-jita shi ne tana zaunar da mutane. Manomi ya ce bari Kamaru ta rufe ƙofa ruwa ya janye, ya bar buhunansa a kwari yana jira. Wace ƙofa? Wa zai rufe ta?

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga kogunan Shari da Logon yake. Ruwan saman da ya zuba a Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Kamaru shi ke gangarowa sannu a hankali, ya haɗe a Njamena, ya cika kogin Shari wajen ƙarshen Oktoba. Kafin ya bazu ya iso gare ku, sanyi ya shiga. Shi ya sa kuke ganinsa rana tsaka ba ko hadari.

Ke nan ana ganin zuwansa da makonni. Tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, kuma ana auna kogin a Njamena. To, ina amfanin awon da ya tsaya a takardar Faransanci da Turanci, bai shiga rediyo da Barbarci ko Hausa ba?

Ku kafa sanda a bakin ruwa, ku riƙa yi mata alama kowace safiya. Muddin tana nutsewa, ku kwashe amfani da dabbobi zuwa tudu, kada ku sa ran sauƙi kafin Janairu.