Kayana suna kan faifai, amma manhaja ta ƙi kunna su

Tambaya daga wani mai shagon turi a Funtuwa: Assalamu alaikum Malam. Ina da faifan ajiya na waje cike da karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi da waƙoƙi. Shekara biyu ina kunna su da Windows Media Player lafiya lau. Jiya ƙanena ya jona filashinsa kafin in jona faifan. Tun daga nan duk abin da na latsa sai manhajar ta ce ba ta ga fayil ba, alhali ga sunaye nan reras. Wani ya ce in sauke Windows in ɗora sabo. Shin kayana sun salwanta ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kuma don Allah kada ka sauke komai. Buɗe faifan ta This PC ka duba, za ka tarar da foldodinka yadda ka bar su.

Ga abin da ya faru. Windows yana raba wa kowane faifai harafi. A da B tun zamanin fulofi (ƙananan faifan ajiya na dā) aka ware su, C na faifan da Windows ke zaune a kai ne, sauran kuma duk wanda ya riga jonuwa shi ke karɓar harafin farko da ba kowa a kai. Manhajar kunna sauti ba ta ajiye waƙa a cikinta, adireshin waƙar kawai take riƙewa, kamar E:\Karatu\Baƙara.mp3. Da filashin ƙanenka ya riga shiga, sai ya zauna a E, faifanka ya koma F. Manhajar tana ta sallama a ƙofar E, mai gida kuwa ya tashi.

Fara da gano tsohon harafin. A cikin Windows Media Player, latsa maɓallin dama na linzami a kan layin da aka rubuta Title da Album, ka zaɓi Choose columns, ka sa alama a File Path. Harafin da ka gani a farkon adireshin shi ake nema. Daga nan rufe manhajar, ka cire filashin. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Nemi faifanka ta girmansa da sunansa, latsa dama a kansa, zaɓi Change Drive Letter and Paths, sannan Change, ka mayar masa da tsohon harafin da ka gano, misali E. Buɗe manhajar, komai zai kunnu, har jerin da ka tsara da taurarin da ka ba waƙoƙi.

A wannan wuri nake so ka natsu sosai. A jerin da zai fito maka akwai Format da Delete Volume, kusa da abin da kake nema. Waɗannan biyun su ne za su share maka kaya da gaske. C kuma kada ka taɓa harafinsa ko da wasa.

Sai dai mayar da E maganin yau ne kawai. A shago irin naka, inda filashi da memori ke shiga suna fita daga safe har dare, harafin E kowa na rububinsa. Na'urar karanta memori guda ɗaya tana iya cinye haruffa da yawa, wasu modem ɗin intanet ma sukan bayyana kamar faifan CD su kama nasu. Duk ranar da ka cire faifanka, wani zai iya zama a gurbinsa. Shawarata ita ce ka sha wahala sau ɗaya: ba faifan harafi mai nisa, kamar M ko W, inda rabon Windows ba ya kaiwa. Sannan ka shiga Organize, Manage libraries, Music, ka cire tsohuwar folda ta E, ka ƙara sabuwar. Idan sunaye suka riƙa fitowa bibbiyu, danna Ctrl da M don layin menu na saman manhajar ya bayyana, ka bi Tools, Advanced, Restore Media Library. Manhajar za ta rufe, ta sake ƙirga kayanka daga farko. Wannan ba ya taɓa fayil ko ɗaya, amma lissafin sau nawa ka kunna kowace waƙa zai tafi. Idan kuma da hannu kake goge matattun sunaye, tabbatar ka zaɓi Delete from library only.

Tambaya daga wata malamar Islamiyya a Maraɗi: Ni da VLC nake amfani. Na tsara wa ɗalibai jerin surori izu-izu, yanzu harafi ya canza, duk sun mutu. Sai na sake tsarawa?

Amsa: A'a Malama, aikinki bai ɓaci ba. Fayil ɗin jeri, ko mai ƙarewa da .m3u ko .xspf, rubutu ne zalla. Ki fara kwafe shi gefe don tsaro, sannan ki buɗe shi da Notepad. Za ki ga adireshin kowace sura a jere. Ki duba yadda aka rubuta harafin, domin wani jerin E:\ yake sawa, VLC kuma yakan rubuta file:///E:/ da sanda mai karkata dama. Danna Ctrl da H, ki sa tsohon a akwatin sama, sabon a na ƙasa, ki latsa Replace All. Wajen adanawa ki bar shi a UTF-8, in ba haka ba sunayen da aka rubuta da Larabci ko da ƙ da ɗ za su iya dagulewa. Jerin Windows Media Player mai .wpl ma haka ake yi masa.

Tambaya: A iTunes alamar motsin rai ce ta fito a gefen kowace waƙa.

Amsa: Ciwon ɗaya ne. Mayar da tsohon harafi ya fi sauƙi. In ba zai yiwu ba, latsa waƙa ɗaya sau biyu, zaɓi Locate, ka nuna masa inda take yanzu. Zai tambaye ka ko ya nemo sauran ta wannan hanya, ka amsa masa.

Tambaya: Na ba faifaina M a kwamfutar shago, amma a ta gida yana fitowa da E. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Harafin ba a jikin faifan ake rubuta shi ba, kowace kwamfuta ce ke riƙe nata lissafin a rajistar Windows, wato inda Windows ke ajiye saitunansa. Jona shi a ta gida, ka shiga diskmgmt.msc, ka ba shi M a can ma, jerin waƙoƙinka zai yi aiki a duka biyun.