Ba abin kunya ba ne, ɗan'uwa

Ka tambaya ko laifi ne namiji ya zubar da hawaye saboda wasan gem, tunda abokanka sun yi ta yi maka dariya a shagon gem nan Mabera. Wallahi ba laifi ba ne.

Gem ya bambanta da fim. A fim kallo kawai kake, a gem kuwa kai ke tafiyar da mutumin, ka yi sa'o'i da yawa kana kare shi. Dubi Red Dead Redemption 2 na 2018: Arthur Morgan, mutumin da kake tafiyarwa a gem ɗin, ya kamu da tarin fuka, kana jin tarinsa, kana ganin yana ramewa, kuma babu abin da za ka danna ka warkar da shi. Wannan rashin iko shi ke karya zuciya. The Last of Us ma, tun farkonsa Sarah ke mutuwa a hannun mahaifinta Joel.

Abokan naka galibi gem ɗin ƙwallo suke bugawa, ba su bi labari ba. Irin wannan gem, ka buga shi a gida da dare, kai kaɗai.