Kan batun odar kayan gyaran jirgin nan da ka tambaya

Ɗana, na ga tambayarka, kace me yasa muke bin hanyar gwamnatin Amurka mu jira wata da watanni kafin kayan gyara su iso alhali ka ga wani dillali a intanet yana saida famfon man jirgin C-130 da araha kuma wai sati biyu ya kawo. Tambaya ce mai kyau wallahi, nima haka na fara tunani lokacin ina sabon shiga sito.

Kaga tsarin da ake kira FMS, wato ƙasa ta sayi kayan soja ta hannun gwamnatin Amurka, hukumar DSCA ta ma'aikatar tsaron Amurka ce ke kula dashi, kuma tun 2018 suna ɗora kashi 3.2 cikin 100 a matsayin kuɗin gudanarwa. Mutane da yawa wannan kason suke kallo su ce tsada. Amma su Amurkawan suna saye da yawa tare da na sojojinsu, farashin da suka samu kaima shi zaka biya, kuma kowane kaya yana da lambar shaidarsa ta sito, wato NSN, mai lamba 13 da takardun inda ya fito. Shi dillalin nan in ya kawo maka famfo ba takarda ko ya kawo jabu, wa zaka kama? Jirgi ne fa, mutane ne a ciki. Kuma ko shi ɗin sai ya samu lasisin fitar da kaya daga gwamnatin Amurka, sati biyun nan baki ne kawai.

Jinkirin da kake gani kuwa, yawanci laifin mai saye ne, mu da kanmu. Muna bari sai abu ya lalace sannan mu yi oda, to in babu shi a siton DLA, hukumar da ke ajiye wa sojojin Amurka kaya, sai sun bada kwangila an ƙera, nan ne watannin suke tafiya, jirgi yana kwance a hanga makanikai suna zaman banza kuma kuɗin wannan zaman babu wanda yake rubuta shi a takardar farashi duk da ya fi kuɗin famfon nesa ba kusa ba. Shi yasa nake matsa maka ka koyi tsarin da ake kira CLSSA. A wannan tsarin ƙasa tana zuba kuɗi tun da wuri Amurkawa su ajiye mata kayan da ta saba ci a sitonsu, in oda ta zo a ɗauko a shelf kamar yadda ake wa sojojinsu.

Saboda haka aikinka na farko shine littafin kayan da muka cire muka saka a jirgi, wata bayan wata, kar ka raina shi. In kaya sun iso ka buɗe ka ƙirga a ranar, domin in akwai giɓi ko sun aiko ba daidai ba shekara ɗaya kawai kake da ita ka shigar da ƙorafi. Gobe ka zo da lissafin famfunan da muka canza bara mu duba tare.