Amsa ga ƙanena a Maraɗi: takardar haraji tana gyaruwa bayan an tura ta

Ƙanena, saƙonka ya iske ni daren Juma'a, na saurare shi har sau biyu. Ka ce ka kusa gama digirinka na farko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kana neman gurbin ci gaba da karatu nan Faransa, sai wani da ya dawo hutu ya tsorata ku a fadarku ta Ali Ɗan Sofo. Wai kuskure guda a takardar haraji, wadda kake bayyana kuɗin da ka samu a shekara, ya isa a hana mutum sabunta katin zama, don haka da muguwar rawa gara ƙin tashi, ɗalibi kada ma ya cika ta. Ka tambaye ni ko gaskiya ne, ko kuma ana iya gyara ta in an riga an tura. Zancen biza mu bar shi sai wani jiƙo, ka san yadda ya yi tsauri tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a farkon 2024.

Shawarar nan tasa ba ta da kyau, kuma raina ya ɓaci da na ji ta, don na ga waɗanda ta cuta. Ko da ba za ka biya ko sisi ba, ka cika. Abin da kake nema shi ne takardar da suke aiko maka a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, wadda suke kira avis d'impôt. Ita za a tambaye ka in kana neman gidan gwamnati mai sauƙin haya, ita za a tambaye ka ran da ka nemi katin zama na shekara goma, masu neman zama ƴan ƙasa kuwa ta shekara uku a jere ake karɓa daga hannunsu. Wanda ya yi shekara huɗu bai taɓa cikawa ba, ranar da buƙata ta taso sai ya tarar ba shi da shaidar komai.

Mu a gida mun tashi mun ga yadda ake yi da lanho, wato haraji. Mai karɓa ya shigo kasuwa, mai rumfa ya rage abin da zai faɗa, a ja, a sasanta, kowa ya kama gabansa. Wannan ɗabi'ar ka bar ta a tashar mota. Nan wanda kake yi wa aiki ya riga ya gaya wa ofishin haraji abin da ya biya ka, kuma tun Janairun 2019 daga albashi ake cire harajin wata-wata. Ba su jiran bakinka kafin su san albashinka. Abin da suke dubawa shi ne ko kai da kanka ka zo ka ce na yi kuskure, ko kuwa sai da suka tono.

Bari in ba ka nawa. Shekarar da na fara aiki bayan karatu, ina aika wa Inna kuɗi kowane wata. Dokarsu ta yarda ka cire abin da ka ciyar da iyayenka mabukata daga kuɗin da za a yi wa haraji, ko da suna wata ƙasa. Layi ne da ake kira 6GU a takardar 2042. Wani abokina da ya riga ni zuwa ya zauna kusa da ni gaban kwamfuta ya ce in haɗa duk abin da na tura Maraɗi in rubuta. Na haɗa: na Inna, kuɗin makarantarka, na maganin Kawu, har da wanda na ba wani Alhaji hannu da hannu ya kai gida lokacin Sallar layya. Cikin Satumba wata ma'aikaciyar akanta a wurin aikinmu ta ji ina ba da labari, ta ajiye kofinta ta ce, “Ƙane da kawu ba su cikin wannan.” A wurinmu ɗan yayanka ɗanka ne, ƙaninka kuma nauyinka ne, ba mai gardama. A dokarsu wajibcin ciyarwa tsakanin iyaye da kakanni da ƴaƴa da jikoki yake, sai surukai. Ɗan'uwa na ciki ɗaya ma ba ya ciki.

Daren nan ban runtsa ba. Na zazzage rasit ɗin tura kuɗi a kan katifa, na ware masu sunan Inna gefe guda, goma sha ɗaya ne. Na Alhaji babu takarda ko ɗaya, dole na fitar da shi, ko da yake Allah ya sani kuɗin ya shiga hannunta. Da asuba na shiga shafina na impots.gouv.fr, na danna wurin gyara, na goge lambar farko na sa ta gaskiya. Bayan ƴan makonni sabuwar takarda ta fito da cikon da zan biya. Na biya. Ba wanda ya kira ni, ba tara, katina kuma aka sabunta shi a lokacinsa.

Ga yadda ƙofofin suke. Ana buɗe cikawa a Afrilu, a rufe tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, gwargwadon lambar jihar da kake zaune. Kafin a rufe, ka sake ta sau nawa ka ga dama. Bayan takardar sakamako ta fito, waɗanda suka cika ta intanet ana buɗe musu wurin gyara har zuwa cikin Disamba. Aure ko saki ko sauyin adireshi ba a gyara su ta nan, sai ka rubuta musu ta akwatin saƙon da ke cikin shafinka. Sabon zuwa sau da yawa a kan takarda yake cika ta farko, don bai samu lambarsa ta haraji mai alƙaluma 13 ba tukuna; in kai ne, sai ka cika wata sabuwa, ka rubuta a samanta cewa ta soke ta farko ta maye gurbinta, ka kai ofishin harajin unguwarku. In Disamba ta wuce ma da sauran hanya, ta rubuta koke: kuɗin da ka samu a 2023, ka bayyana a 2024, kana da har 31 ga Disamba 2026. Su ma ofishin haraji ranar ce iyakarsu ta waiwayar wannan shekara a mafi yawan lokuta.

Bambancin kuɗin tsakanin gyarawa da kanka da jira su tono shi ya kamata ka riƙe. Tun dokar 10 ga Agusta 2018 sun amince cewa mai kyakkyawar niyya yana iya kuskure. Kuɗin jinkiri kashi 0.20 ne cikin ɗari a wata, wanda ya gyara da kansa kuma rabi ake ɗora masa. In kuwa suka tabbatar da gangan ka ɓoye, ƙarin kashi 40 ne a kan harajin, in da zamba a ciki ya kai 80.

Kurakurai biyu ne nake jiye maka, don su suka fi kama yaranmu. Na farko kai yake cuta. Katin ɗalibi ya ba ka damar aikin awa 964 a shekara, kuma in shekarunka ba su wuce 25 ba ran 1 ga Janairu, albashinka na shekarar har ninki uku na mafi ƙarancin albashin wata ba a yi masa haraji. To amma lambar da za ka tarar an riga an rubuta maka cikakkiya ce, kai za ka rage da hannunka. Da yawa suna danna “na yarda” su wuce. Wannan ma yana gyaruwa, in an ci kuɗinka a maido maka.

Na biyu shi ne asusun banki. In ka bar asusu a buɗe a Maraɗi, ko jika biyar ce a ciki, sai ka bayyana shi a takarda mai lamba 3916 kowace shekara. Bayyanawar kyauta ce. Rashin yi kuwa tararsa tana farawa daga Yuro 1,500 a kan kowane asusu, kusan miliyan guda na sefa ke nan. Wanda ya manta, shi ma ya gyara tun ba a tambaye shi ba.

Kafin ka taso, ka je ma'aikatar magajin gari ka karɓo cikakkiyar takardar haihuwarka mai sunan Inna da Baba, kofi biyu ko uku, don ita ce shaidar cewa wadda kake aika wa kuɗi mahaifiyarka ce. Ran da ka fara aika mata, ka tura da sunanta yadda yake a katinta, ba da sunan maƙwabci ko na yaron shago ba, rasit kuma ka samu ambulan guda ka riƙa zubawa. Afrilun farko da za ta riske ka a nan, ka kira ni mu zauna mu cika tare. Ka gaida Inna, ka ce mata na wannan wata yana tafe ran Litinin.