Amsa: Ƙuraje a jikin mai kala-azar da ƙanjamau

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙurajen da suka feso wa yayanka mai ƙanjamau suna da alaƙa da kala-azar, tunda cutar saifa da hanta ce. Ƙwarai kuwa, tana iya fitowa a fata. Idan ƙanjamau ya raunana garkuwar jiki, musamman idan adadin CD4 (ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a jini) ya yi ƙasa da 200, ƙwayar leshmaniya mai haddasa kala-azar takan bazu. Sai ka ga ƙananan ƙuraje kewaye da baki, ko tabo fari-fari, ko ƙullutai masu duhu da ke kama da wata sankarar fata da ake kira Kaposi. Ido kaɗai ba ya bambancewa, gwajin jini ma yakan kuskure a irin waɗannan marasa lafiya. Don Allah a kai shi likita ya ɗebi ɗan fatar a duba, kuma kada ya daina shan maganin ƙanjamau, domin kala-azar tana yawan dawowa.