Likita, Me Ya Sa Kitsen Da Aka Dasa Min Ya Ragu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Haɗarin mota ya sa kuncina na hagu ya lotsa. An zuƙo kitse daga cikina aka cike wurin da shi. Da farko ya yi kyau, amma bayan wata huɗu kusan rabi ya zube. Za a sake yi, me ya kamata in tambaya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinki. Tun 1893 da Gustav Neuber, wani likita Bajamushe, ya fara dashen kitse ake fama da wannan raguwar.

Kitsen da aka zuƙo ya rabu da jijiyoyin jininsa, sai ya dogara da ɗan abin da ke tsatsowa daga naman da ke kewaye da shi kafin sabbin jijiyoyi su tsiro. Manyan ƙwayoyin kitse ba sa jure rashin iskar oksijin, da yawa kan mutu tun ranar farko. Amma a tsakaninsu akwai ƙananan ƙwayoyin asali (stem cells, masu iya rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin jiki), waɗanda masu bincike a Amurka suka bayyana a 2001. Su kan jure har kwana 3, kuma su ke haifar da sabon kitse a gurbin wanda ya mutu. Binciken Kotaro Yoshimura a Japan ya nuna cewa siririn ɓangaren gefe ne kawai ke tsira kai tsaye, bai kai rabin milimita ba. Shi ya sa babban dunƙule ke mutuwa a tsakiya, ya narke ko ya bar ƙullutu.

A ganina, hannun likita ya fi tsadar na'ura muhimmanci. Ki tambaye shi ko zai zuƙo kitsen a hankali da allura mai dakusasshen baki, ya tace jini da maiƙo da maganin kashe zafi (lidoken na cutar da ƙwayoyin), sannan ya dasa ba tare da ɓata lokaci ba. Mafi muhimmanci, ya riƙa shimfiɗa shi kaɗan-kaɗan kamar zare, hawa-hawa, yadda Sydney Coleman, wani likitan fiɗa a Amurka, ya koyar, ta yadda kowane ɗigo zai taɓa nama mai jini.

Idan aka tallata miki ƙarin ƙwayoyin asali, kada ki yi gaggawa. Ana samun sakamako mai ƙarfafa gwiwa, amma bincike bai kammala ba.

Ke kuma ki nisanci hayaƙin taba da shisha, kada ki kwanta a kan kuncin, kada ki shiga rage ƙiba a lokacin. Ki bari ya cika wata 6 kafin a sake, don a ga ainihin abin da ya zauna.