Enzayim ba ya maganin kashin jini a kaji

Malam, ka tambaya ko enzayim da ake zubawa a abincin kaji zai tsayar da kashin jinin nan. Gaskiya ba zai tsayar ba. Idan cutar hanji da ake kira koksidiyosis ce, ƙwayar cuta mai suna Eimeria ce ke cin bangon hanji, sai ka ga kaza ta rage ci tana ramewa, ta saki fukafukai. Enzayim narkar da abinci kawai yake taimakawa, ya rage ragowar furotin da wata ƙwayar cuta daban mai suna Clostridium ke samu ta ruɓar da hanji. Maganin koksidiyosis shi ne amprolium ko toltrazuril, bisa shawarar likitan dabbobi. Don Allah yau ka kwashe jiƙaƙƙen garin katakon da ke ƙarƙashin mazubin ruwa, domin a danshi ƙwan Eimeria ke ƙosawa cikin kwana 2.